Faif ɗin shan iska mai sanyi da na saya a Ladipo: ƙara akwai, amma damina ba ta san shi ba

Masu tambaya ta a Agege da Mile 12 wai yaya wancan faif ɗin da na ɗaura wa Camry ta, wanda ake cire akwatin eya kilina na kamfani a sa doguwar roba ko ƙarfe da filta mai siffar mazurari a bakinta, to ga amsa a dunƙule: in motarka tana kwana a Legas kuma da ita kake fita ko ana ruwa ko ba a yi, tauraro biyu na ba shi cikin biyar, ɗaya ma saboda ƙarar ne kawai.

Tawa Camry ce 2.4 wadda ake ce wa Muscle. Faif ɗin a Ladipo na same shi can Mushin, ba shi da wani suna na kirki a jiki, irin kayan nan ne da ke zuwa a kwali mai ƙyalli, alminiyom ne da kilif guda huɗu da filta ja mai mai a jiki. Mai shagon sai cewa yake Alhaji wannan in ka sa ba mai wuce ka a gadar Third Mainland. Ɗaurawa ba wahala, bakanike na bai daɗe ba ya gama, sai dai dole aka cire taya da robar madigadi saboda faif ɗin lanƙwasawa yake ya gangara ƙasa, filtar ta zauna bayan bamba, tsayinta daga ƙasa bai kai gwiwa ta ba. Dalilin kai ta can shi ne ta guje wa zafin inji, don iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi ɗauke da iskar da ke cin wuta, duk saukar digiri 10 na zafi kana samun ƙarin wannan iskar kamar kashi 3 cikin ɗari. A takarda lissafin daidai ne. To amma mu da muke wuni a gosulo daga Oshodi zuwa Apapa, salansar danfo da tirela na huci a bakin bambarka, kwalta kamar ta ƙona ƙafa, ina ka ga iska mai sanyi?

Gaskiya ƙarar tana da daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. In ka danna totur tana wani gurnani daga ciki, yara a unguwa har juyowa suke. Gudu kuwa ni dai ban ji wani bambanci ba sai a kunne, mai ma kamar ƙaruwa ya yi don mutum sai ya riƙa taka ta haka kawai don ya ji kukan.

Inda maganar take shi ne ruwa. Ruwan da ke zuba a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano biyu, watan Yuni ya fi kowanne, ya ɗan tsagaita a Agusta ya dawo Satumba da Oktoba, ga kwatoci a toshe, ga garin kansa a bakin teku. Wanda ya bi ta Iyana Oworo ranar 3 ga Yulin 2024 ya san me nake nufi, motoci sun nutse har fitila, Lekki da Ajah kuwa ba sai an yi irin wannan ba ma, ruwan awa ɗaya ya isa. Yayyafi ko feshin taya ba shi ne abin tsoro ba, wannan filta za ta jiƙe kaɗan inji ya ƙone ɗigon ya wuce. Abin tsoron shi ne filtar ta nutse, ko babbar mota ta wuce ta turo maka igiyar ruwa ta rufe ta, nan take inji zai zuƙe shi ya kai silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A wannan injin kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 600, in fistin ya hau sama sararin da ya rage bai kai cc 70 ba, wato ko kwatan ledar fiya wata bai kai ba, ruwan da ya wuce haka fistin ba shi da inda zai kai shi sai dai wani abu ya ba da kai.

Na ga abin da ido na a garejin da nake sabis. Wata Honda ce ta wani yaro ɗan canji, irin faif ɗin nan ne a jiki, janwe ta kawo ta. Da aka kwance fulogi aka murza sitata ruwa ne ya yi tsalle daga rami na biyu har ya taɓa bonet, ruwan kwata baƙi da wari. Da aka buɗe ƙasa, kwanrod ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin daga ƙasa, ya lanƙwashe, ka aza shi kan tebur yana rawa ba ya kwanciya, baƙin mai kuma ya koma fari-fari. Ogan garejin, wani dattijo Bakatsine da ya shekara da shekaru a Ikko, ya miƙo min ƙarfen ya ce "Alhaji riƙe ka ji nauyinsa, ruwa ne fa ya yi masa haka, kuma da yaron nan bai sake murza ki ba da ta mutu a cikin ruwan, da wataƙila fulogi da mai kawai za mu canza." Na ce Baba to tawa fa? Ya ce "taka tana jiran ranarta ne." Dan Allah duk wanda motarsa ta mutu a tsakiyar ruwa kar ya yi ta ƙoƙarin tayarwa, a tura ta gefe a kira bakanike.

Akwatin kamfani da muke rainawa bakinsa a sama yake kusa da lagireto, iskar waje yake sha shi ma, kuma yana da ƴan ramuka a ƙasa da ruwa ke tsiyaya. Akwai rigar da ake sa wa filtar mazurari, tana tare feshi amma ba ta tare nutsewa, kar a ruɗe ku. Kamfanin AEM na yin wani bawul da ake sawa a tsakiyar faif wanda ke buɗewa ya sha iska daga sama in filta ta nutse, na zaga layuka a Ladipo ban ga mai shi ba. Akwai kuma gajeren faif da filtar ke zama cikin bonet, wannan ya tsira daga ruwa sai dai zafin inji yake sha, kenan ƙarar kawai ka saya.

Sai wahalar wanki. Filta mai mai ba a canza ta, wanke ta ake. Kamfanin K&N da suka yi suna a irinta suna cewa tana iya kai mil 50,000 kafin wanki a hanya mai kyau, amma da ƙurar hunturu da hayaƙin janareta da na dizal ɗin nan, tawa tun kafin a je ko'ina jan ya koma baƙi. Ana fesa mata sabulunta, a bar ta kamar minti 10, a ɗauraye daga ciki zuwa waje da ruwa mara ƙarfi, a bar ta ta bushe da kanta, ban da fetur ban da kwamfuresa, sannan a bi kowane ninki da mai kaɗan kaɗan. Da damina bushewar ma aiki ce, sai ta wuni tana danshi mota na fake. In yaron gareji ya labta man da yawa kuma sai ya bi iska ya manne a siririyar wayar sansar da ke auna iska, fitilar cek injin ta kama, mota ta riƙa kakkarwa a silo, a sa kwamfuta ta nuna P0171, lambar da ke nufin mai ya yi wa iska kaɗan. Sansar tana da feshinta daban, ba a sa mata na kafireto kuma ba a taɓa wayar da hannu.

Na mayar da akwatina tun kafin ruwa ya kankama, Allah ya sa Baba bai bari yara sun sayar wa ƴan gwangwan ba. Filtar takarda kuɗinta kaɗan ne, duk sabis ina sa a buɗe a ɗaga ta saitin rana, in haske ba ya ratsawa ko ta taɓa jiƙewa ta kumbura sai a jefar. Masu faci da ke hura ta da iska mai ƙarfi su ce ta koma sabuwa, huda takardar suke da ƙananan ramuka yashi ya riƙa wucewa. Kuma wajen saye a duba robar gefen, ta jabu tauri gare ta ba ta zama daram, in ka rufe murfi ka haska tocila ta kusurwa za ka ga kafa, kuma ta wannan kafar ƙura ke bi ta wuce ba tare da ta taɓa takardar ba.