Bitar shafin duba haɗarin ambaliya na Ingila: taswira mai inganci, bayani mai giɓi

Daga cikin ayyukan da gwamnatin Birtaniya ta ɗora a shafinta na GOV.UK akwai wanda Hukumar Kula da Muhalli ke gudanarwa, wanda ke nuna irin haɗarin ambaliyar da ke tattare da kowace unguwa a Ingila. Kyauta ne, kuma ba ya buƙatar rajista. Mutum zai rubuta lambar yankinsa ta gidan waya, ya zaɓi adireshi, nan take sakamako ya bayyana game da ambaliyar koguna da teku, da ta ruwan sama mai malala a kan tituna, tare da taƙaitaccen bayani kan madatsun ruwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Inda shafin ya fi cancantar yabo shi ne yadda ya ba ruwan sama muhimmancin da ya kamace shi. Galibin mutane suna ɗauka cewa wanda ba ya makwabtaka da kogi ya tsira, amma ambaliyar da ta auka wa Ingila a shekarar 2007, wadda ta shiga gidaje da wuraren kasuwanci kimanin 55,000, ta rushe wannan zato, domin a birnin Hull ruwan sama ne ya fi ƙarfin magudanai ya cika gidaje. Binciken da Sir Michael Pitt ya jagoranta bayan haka ne ya haifar da dokar kula da ambaliya da ruwa ta shekarar 2010, wadda ta ɗora wa majalisun yankuna alhakin tsara yadda za a shawo kan ambaliyar ruwan sama da ta ƙananan rafuffuka. A ƙididdigar da hukumar ta fitar a ƙarshen 2024, gine-gine miliyan 6.3 ne ke wuraren da ke fuskantar haɗari, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu ruwan sama ne ke yi musu barazana. Idan aka zuƙo taswirar, ana ganin shuɗin launi yana bin kwarin titi, ya taru a mahaɗar hanya, ya bar gidajen da ke kan tudu, har mai dubawa ya gane ta inda ruwa zai bi tun kafin hadari ya haɗu. Sabon fasalin da aka fitar a farkon 2025 ya ƙara da nuna zurfin da ruwan zai iya kaiwa, da hasashen yadda sauyin yanayi zai ƙara haɗarin nan gaba.

Matsalar tana farawa ne daga yadda aka rarraba matakan. Haɗari mai tsanani yana nufin yiwuwar ambaliya ta haura kashi 3.3 cikin ɗari a kowace shekara, matsakaici daga kashi 1 zuwa 3.3, ƙarami kuwa daga 0.1 zuwa 1. Waɗannan alƙaluma daidai suke, sai dai suna kwantar da hankali fiye da yadda ya dace. Kashi 1 a shekara ƙaramin abu ne a ido, amma ga wanda zai shafe shekara 30 yana biyan bashin gida, yiwuwar ya ga ambaliya aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26, wato sama da ɗaya cikin huɗu. A ganina wannan lissafi ne ya kamata mai neman gida ya fara cin karo da shi.

Akwai kuma ruɗanin taswira biyu. Hukumar tana da wata taswirar daban ta masu neman izinin gini, wadda ta kasa ƙasa zuwa shiyya uku ba tare da la'akari da katangun kariya daga ambaliya ba, alhali wannan shafi yana lissafawa da su. Saboda haka wuri ɗaya kan iya fitowa da haɗari mai yawa a can, ya fito da kaɗan a nan, kuma wanda bai san dalilin ba sai ya zaci ɗaya daga ciki kuskure ce.

Shafin bai ɓoye cewa sakamakonsa na kewayen adireshi ne ba, ba na gidan kansa ba, domin bai san tsayin dokin ƙofa ko yanayin magudanar wani gida ba. Bai kuma faɗi ko ruwa ya taɓa shiga gidan, sai an nemi wannan tarihi daban. Giɓin da ya fi girma shi ne na shirin hukuma: bayan an sanar da mutum cewa unguwarsa tana cikin haɗarin ruwan sama, sai a tura shi ga majalisar yankinsa, wadda tsarinta na shawo kan ambaliya kan zama doguwar takarda da aka rubuta da harshen injiniyoyi. Wace kwalbati za a faɗaɗa, kuma yaushe, ba a nan za a samu amsa ba.

Ga mai shirin saye ko kama hayar gida a Ingila, duba shafin wajibi ne kafin sa hannu a kowace takarda, amma sai ya haɗa da taswirar izinin gini, ya karanta tsarin majalisar yankin, sannan ya tambayi kamfanin inshora nawa zai caje shi a kan wannan adireshi.