Jakar kyamarar nan ta tsallake ruwan Shere, amma ƙurar hunturu ta kayar da ita

Tun watan Afrilun bara nake amfani da jakar nan ta goyo ta saka kyamara, baƙar nan mai jan zare a baki wadda ake cewa ruwa ba ya shigarta. Masu zuwa wajen 'yan kayan hoto a kasuwar Terminus da ke Jos sun san ta don kusan kowane shago an rataye ta, kuɗinta ma ba sai na faɗa ba kun sani, na ji ma yanzu ta ƙara. Mutum biyu sun tambaye ni ta WhatsApp ko su saya, shi ne na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani in huta da maimaici.

Dalilin sayenta shi ne wani aiki da na ɗora wa kaina ba wanda ya aike ni. Duk wata sau ɗaya nake zuwa bayan Lamingo ta hanyar duwatsun Shere, in hau wani falalen dutse guda in ɗauki hoton kwarin da ke ƙasa daga wuri ɗaya, so nake in haɗa hoto 12 a ga yadda wurin ke canza kaya daga bazara zuwa damina, kaka, hunturu. Wanda ya san Jos ya san garin nan sama yake, mita 1,200 da wani abu, ƙololuwar Shere kuma ta haura 1,800, to can hadari ba ya sallama.

Ƙarshen watan Mayu kuwa na ga aya. Na hau wajen ƙarfe huɗu na yamma, ciyawa ta fara tsirowa kore shar tsakanin duwatsu, katangar ƙerana da manoma ke zagaye gonaki da ita ta wanke tas, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas rana kuma tana haska shi ta yamma, wallahi irin hasken da mai hoto ke mafarki. Kwaɗayi ya sa na tsaya ina ta dannawa, ƙanina da ya rako ni yana ta cewa Yaya mu sauka, Yaya mu sauka, ina ce masa saura ɗaya. Kafin in rufe baki iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya har da 'yar ƙanƙara tana dukanmu a ka. Da kyar na cusa kyamara da lens biyu, wato madubin da ake ɗaurawa a gabanta, a jaka na ja zif, ko rigar ledarta da ke aljihun ƙasa ban samu na zaro ba. Ba bishiyar kirki ba rumfa, muka raɓe jikin wani dutse kusan minti 40, ni dai na riga na sallama, ina ta lissafin watannin da na yi ina tara kuɗin kyamarar nan. Mun sauko sharkaf, takalmi na ƙugi, kuɗin da ke aljihuna sun zama kamar fanke, wayar ƙanina ma sai da ta kwana biyu ba ta kawo ba. Da muka isa gida hannuna na rawa na buɗe jakar. Ko ɗigo! Hatta tsumman goge lens da ke ciki a bushe yake ƙamas. Ranar har addu'a na yi wa mai shagon.

Daga nan na zama ɗan talla ba albashi, duk wanda na gani da kyamara sai na ce je ka sayi irinta. Na je da ita Assop, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse, a watan Agusta lokacin da ruwan ke zubowa da ƙarfinsa feshi na tashi ko'ina, lafiya lau. Abu ɗaya dai, wadda ba ta barin ruwa ya shiga ba ta barin danshi ya fita, in ka dawo ka buɗe ta ta sha iska, ka kuma jefa irin 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, in ba haka ba fumfuna za ta kama maka gilashin lens.

To ashe jarabawar tana gaba. Ina rubutun nan ma raina ya sake ɓaci. Watan Janairu na fita tun asuba, sanyin nan na Jos mai sa yatsu su ƙage, hazo ya rufe kwarin, ciyawar da na sani kore ta koma ruwan ƙasa an ma ƙone wani gefen. Rana ta fito fara fat kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido, sai ga wani yaro Bafulatani ya kaɗo fararen shanu sun ratso daidai tsakiyar wurin da nake ɗauka, ƙura na tashi a bayansu. Wata tara ina jiran irin wannan. Na kai hannu zif ya ce bai san zance ba. Ƙura ta cika haƙoransa ya cije, na ja a hankali, na hura, na ja da ƙarfi, kawai sai marikin ya ɓalle a hannuna. Kyamarata tana ciki kamar an sa ta a kurkuku, ina ji ina gani shanun nan suka wuce suka shige hazo. Da waya na ɗauka, kun san kuwa abin da waya ke yi da hazo, duk ta dama shi kamar kunu.

Da na duba da kyau ashe zif ɗin na roba ne mara ƙwari, kuma tun Disamba yake ɗan sarƙewa ina share shi. Har ɗinkin igiyar kafaɗar hagu ma ya fara saki, na tuna, shi ma ban kula ba sai ranar. Na koma wurin mai shagon na nuna masa, ya juya ta ya juya, ya ce "Oga ai ruwa na ce maka ba ya shiga, ban yi maka alƙawarin ƙura ba." Kai! Na rasa dariya zan yi ko faɗa. A garin da ake wata uku ana shan ƙura za ka gaya mini haka? Ko tayin gyara bai yi ba.

Wani shumeka a Dilimi ne ya farke ya sa mini zif na ƙarfe ya ƙara ɗinkin igiyar, yanzu tana buɗewa sumul, sai dai ta wajen sabon ɗinkin ban yarda da ita ba in damina ta dawo, dole in riƙa sa mata rigar ledar. Wanda ya riga ya saya ya riƙa goge zif ɗin da tsohon buroshin haƙori yana goga masa kyandir daga Nuwamba. Wanda bai saya ba kuma, da a Agusta ka tambaye ni da na ce ruga ka saya, yau gaskiya ban sani ba. Hotuna 11 na nan a kwamfuta gwanin kyau, na Janairu ne kawai in na zo kansa nake saurin wucewa.