Duolingo: manhajar da ta iya kafa sabo, amma sabon me?

Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma da wuya a sami manhajar da ta iya kafa wannan turke kamar Duolingo ta koyon harsuna, wadda Luis von Ahn da Severin Hacker suka buɗe wa jama'a a 2012.

Dabararta a fili take. Darasi ɗaya ba ya wuce 'yan mintuna, ana iya gama shi kafin shayi ya huce. Da zarar an gama sai maki su shigo, alamar wuta da ke saman allo ta ƙara kwana ɗaya a jerin kwanakin da aka yi ba fashi. Idan sha biyun dare ya yi ba a yi darasi ba, lissafin ya koma sifili, sai dai in an tanadi kariyar da ke daskarar da jerin na kwana guda. Ga kuma gasar mako-mako, inda ake haɗa mutum talatin a rukuni, matakai goma daga tagulla zuwa lu'ulu'u.

Me ya sa sai da duk wannan? Koyon harshe ba yunwa ba ce da ke dawowa da kanta kullum. WhatsApp ba ya buƙatar wuta ko gasa, domin saƙon 'yan uwa ne ke kiran mutum. Manhajar sayen tikitin jirgi kuwa, ko da zinare aka yi mata ado, wanda ke tafiya sau biyu a shekara ba zai saba da ita ba. Duolingo tana tsakiya, shi ya sa ta ƙirƙiro abin da za a ji tsoron rasawa.

A nan matsalar take. Mai kwana ɗari uku yakan koma maimaita darasi mafi sauƙi da ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare don kawai wutar kada ta mutu. Sabon buɗe manhaja ya kafu, Faransancin bai motsa ba. Ranar da jerin ya tsinke kuma, sau da yawa zuciya ma takan tsinke.

A ganina ta cancanci saukewa, da sharaɗi: a ɗaure ta da lokaci tsayayye, misali bayan sallar Asuba, a yi sabon darasi biyu maimakon bita, a faɗi kowace jimla da baki, a yi watsi da gasar. Babu darasi da Hausa a ciki, don haka sai ta hanyar wani harshe kamar Turanci, Faransanci ko Larabci za a shiga.