Akwatin kayan naɗa koyil: mitar ta cece ni, abin yankan ya ba ni kunya

Wata uku ke nan da na sayi akwatin nan na kayan naɗa koyil na sigarin lantarki (koyil shi ne naɗin wayar da ke yin zafi ya mai da ruwan sigarin tururi), irin mai zif ɗin nan da kowa ya sani. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, wallahi yabo zalla za ku ji, kuma saboda abu ɗaya ne: 'yar mitar auna om (ma'aunin turjiyar waya ga wutar lantarki) da ke ciki.

Ga yadda aka yi. Wani dare na zauna na naɗa koyil biyu da wayar Kanthal mai kauri lamba 24, zagaye shida-shida a kan sanda mai milimita 3. Irin wannan naɗin kowane ɗaya yakan ba da om 0.5 da ɗoriya, idan aka haɗa biyun a kai ɗaya, wato ɓangaren sigarin da ake ɗaura koyil a ciki, sai ya rabu biyu, ya dawo wajen 0.27. Na ɗaure ƙafafun, na yanke rarar wayar, na ɗora kan a kan mita, ta nuna 0.28. Komai daidai. Har na miƙa hannu zan kwance, sai na tuna wani tsohon hannu ya taɓa ce mini in riƙa sake aunawa bayan na rufe murfi. Ina rufewa lamba ta faɗi zuwa 0.08, ta hau, ta sauka, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na cire murfin ta koma 0.28. Na mayar, ta sake faɗuwa. Sai da na haska fitila na duba da kyau kafin na ga wani ɗan bakin waya, bai wuce milimita ɗaya ba, ya leƙo ta bayan ginshiƙin da ake ɗaure ƙafar koyil yana taɓa cikin murfin.

Wanda bai san lissafin ba zai ce ai ƙaramin abu ne. To na'urar da nake shirin ɗora kan a kanta irin wadda ba ta da allon kariya ce, babu komai tsakanin batir da koyil sai maɓalli. Batir samfurin 18650 idan ya cika yana ba da bolt 4.2. Ka raba 4.2 da 0.28, ampiya 15 ke nan, kuma batirina an yi shi ne ya jure 20. Amma ka raba 4.2 da 0.08, ka haura ampiya 50. Batir da aka matsa masa haka zafi yake ɗauka, ya fara fitar da iska mai ƙuna, wani lokaci ya fashe, kuma a hannuna yake, dab da bakina. Na ajiye komai na yi shiru na ɗan lokaci, gabana yana faɗuwa. Daren nan ban sake taɓa waya ba. Washegari duk wanda na san yana naɗa koyil sai da na kira shi na ce ya auna da murfi a rufe, kada ya tsaya a awon farko.

Saboda haka mitar ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Zaren dunƙulenta na 510, wato inda ake murɗa kai a ciki, yana kama kai da kyau, ba ya girgiza, har a kanta nake aikin ɗaurin ƙafafu. Na gwada awonta da na wata na'ura mai allo, bambancin bai wuce 0.01 ko 0.02 ba. Abin lura kawai, idan cajinta ya yi ƙasa lambar takan fara yawo, sai a ba ta wuta tukuna.

To amma da hankalina ya kwanta na zauna ina tambayar kaina, me ya bar wannan bakin wayar tun farko? Amsar tana cikin akwatin nan ɗin dai. Abin yankan waya ne. Amfanin irin wannan filayar shi ne gefenta ɗaya a shafe yake, ka manna shi da ginshiƙi ka datse, wayar ta yanke daidai da ƙarfen ba tare da saura ba. Tawa kuwa bakinta biyu ba sa haɗuwa a can tsini, idan ka ɗaga ta saitin haske kana ganin tsaga. Taunar waya take yi, ta lanƙwasa ta, ta bar mata wutsiya. Wato kaya ɗaya a akwatin ya haƙa ramin, ɗayan ya hana ni faɗawa. Tun da na gane haka yabon da nake yi ya ragu da rabi, don da mitar ba ta cikin akwatin, ko da na yi gaggawa a daren, abin yankan da aka sayar mini ne zai jawo mini rauni. Da na gwada ta a kan wayar da ake naɗe siririya a kan mai kauri, bakin ma ya ɗan ɓalle a karo na uku.

Da na fara ƙirga sai sauran suka riƙa fitowa. Sukudireba mai baki shida laushi gare ta, ta sulluɓe a cikin kan sukuru har ta cinye shi, sai da na sha wahala kafin na fitar, kan da nake ji da shi ya yi kwana biyar a ajiye ina jiran wani sukurun. Almakashin auduga shi ma ba ya yanka, ja yake yi, ya bar bakin audugar a wargaje, alhali ana son bakin ya fita sumul yadda zai kwanta a ramin ruwa ya riƙa tsotsa. Audugar da ta dagule tana toshe hanya, koyil ya bushe, ka ja ka ji ƙauri a maƙogwaro. Sau biyu hakan ta same ni kafin na gane daga almakashin ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu ko guntuwar takardar bayani. An zubo waya a ciki, ba a rubuta ko wace iri ce ba. Wannan ba wasa ba ne. Kanthal da Ni80 ana hura su su yi ja kafin a sa auduga, wayar 316L tana aiki a tsarin wat (na saita ƙarfin wuta) da na ƙayyade zafi duka, amma nikel da titaniyom na tsarin ƙayyade zafi ne kaɗai, kuma ba a ƙona su har su yi ja. Sabon shiga ta ina zai bambance? Ni zubar da ita na yi, na ci gaba da wadda na san sunanta da lambarta.

Kada in yi zalunci, hantsakin mai bakin tangaran yana da kyau. Wutar lantarki ba ta bi ta cikin tangaran, don haka kana iya matse koyil yana cikin ja, ka goga shi har wuraren da suka fi zafi su ɓace, jan ya riƙa tasowa daga tsakiya zuwa gefe. Sandunan naɗin ma, daga milimita 2 zuwa 3.5, awonsu daidai ne.

A farko na ce taurari biyar zan ba shi. Yanzu uku ne, kuma biyu daga ciki na mitar ne ita kaɗai. Na sayi filaya daban, na sayi sukudireba daban, na ware wani ƙaramin almakashi mai kaifi don auduga kawai. Akwatin yana nan ina amfani da shi, amma rabin aljihunansa kayan wasu ne a ciki. Tsohuwar filayar kuwa ban bai wa kowa ba, don kada ta je hannun wanda ba shi da mita.