Cire yatsan gefe na kare: abin da na gani a wani asibitin dabbobi a Kaduna

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafar gaba ta kare ya dube ta da kyau zai lura cewa, bayan yatsu huɗun da suke taka ƙasa, akwai wani ɗan yatsa na biyar a gefen ciki, sama kaɗan da dagi, wanda yake zaune a matsayin babban yatsan hannun mutum. Wannan yatsa ne ya kai ni wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a Kaduna a tsakiyar daminar bana, kuma abin da zai biyo baya ra'ayina ne game da aikin da aka yi da shawarar da aka ba ni.

Karen namu ruwa biyu ne, shekararsa uku, aikinsa gadin gida. An haife shi da irin wannan yatsa a duka ƙafafuwansa huɗu, alhali yawancin karnuka a ƙafafuwan gaba kaɗai suke da shi. Wata safiya muka tarar na ƙafar baya ta hagu ya maƙale a wayar shinge ya yage, yana reto, jini ya ɓata dandamali. Mai gadinmu, wanda ya tashi a cikin mafarauta, ya ce a ba shi reza ya ƙarasa aikin nan take. Ban yarda ba, sai dai na tafi asibitin da niyyar a cire guda huɗun gaba ɗaya in huta.

Likitar da muka samu ta fara neman katin rigakafin ciwon hauka, sannan ta sa aka ɗaure bakin karen kafin ta taɓa shi. Da na faɗi buƙatata, ba ta yi gardama da ni ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kan yatsan ƙafar gaba, ta ce, "Malam, motsa wannan ka ji, sannan ka motsa na baya." Na gaban yana da ƙarfi, a manne yake, kuma ana jin ƙashi a cikinsa. Na bayan kuwa lilo yake yi, fata ce kawai take riƙe da shi. Daga nan ta yi mini bayanin da ya sauya mini ra'ayi: yatsan gaba yana da ƙashi da gaɓa da jijiyoyin da suka haɗa shi da tsokar ƙafa, kuma idan kare yana gudu ya karya kwana, yatsan yakan taɓa ƙasa ya tallafi gaɓar ƙafar don kada ta murɗe. Da shi ne kuma kare yake danne ƙashi idan yana gwaguya. Saboda haka cire shi a jikin babban kare yanke gaɓa ne sosai, wanda yake buƙatar allurar barci da ɗinki, kuma ta ce ba za ta yi shi a kan lafiyayyen yatsa ba.

A nan ne na ga darajar asibitin, domin da kuɗi kawai suke nema, da an cire huɗun an rubuta mini lissafi mai tsawo, ni kuma in biya ina godiya. Matsayin nata ba baƙo ba ne a duniyar likitocin dabbobi. Masu kiwon karnuka a Amurka da suke cire wannan yatsa sukan yi hakan ne tun ɗan kwikwiyo yana da kwana 3 zuwa 5, lokacin da ƙashin bai yi ƙwari ba, wanda ya sha bamban da yi wa kare mai shekara uku. A Turai kuma, yarjejeniyar kare haƙƙin dabbobin gida ta 1987 ta hana tiyatar da ake yi wa dabba don ado kawai, irin su yanke kunne. Akwai ma karnukan kiwo na Faransa, kamar Beauceron da Briard, waɗanda ba a ɗaukarsu cikakkun jinsi sai suna da irin wannan yatsa bibbiyu a kowace ƙafar baya.

Abin da ta amince da shi shi ne cire wanda ya yage, tare da ɗan'uwansa na ƙafar dama, tun da shi ma reto yake yi kuma karen zai riga ya kasance cikin barci. Ta wanke raunin ta ɗaure a ranar, ta ɗebi jini don gwaji, tana mai cewa kaska tana yaɗa cutar da ke hana jinin kare daskarewa da wuri, kuma gara a sani kafin a sa wuƙa. Aka hana shi abinci tun daga dare, aka yi aikin washegari da safe, muka dawo da shi gida da la'asar yana tangaɗi.

Jinyar ta fi tiyatar wahala, kuma a nan ne asibitin ya gaza. An ba mu wata roba mai kama da mazurari da ake saka wa kare a wuya don kada ya lashi ɗinkin, amma ta yi masa ƙanƙanta, har a rana ta uku bakinsa ya kai ga bandejin ya tsige shi. Babu wanda ya rubuta mana yadda za a ba da magani. Da baki aka faɗa mini, a tsaye, ana kiran na bayana. Kasancewar damina ce, ƙudaje suka dame mu, kuma mai kiwon dabba ya san yadda rauni yake saurin yin tsutsa a wannan lokaci, don haka muka mayar da karen cikin shago muna sauya ɗaurin kullum. Haka nan ba a gaya mini jimillar kuɗin ba sai bayan an gama, inda na ga an lissafa gwajin jini da allurar barci da magunguna daban-daban. Kuɗin bai wuce hankali ba, amma ya kamata mutum ya sani tun kafin ya sa hannu. Wurin jira ma guri ɗaya ne ga kowa, mai rago da mai kyanwa da mai kare, abin da ya sa aka yi ta ja-in-ja da igiyoyi.

Ranar da aka kwance ɗinkin, kwana 12 bayan aikin, likitar ta koya mini abin da ya fi komai amfani a tafiyar. Farcen yatsan gefe ba ya gogar ƙasa kamar sauran, saboda haka ba ya cinyewa, kuma idan aka manta da shi yakan lanƙwashe har ya soki nama, ko ya zama ƙugiyar da ke kama waya da ciyawa. Ta nuna mini yadda ake datse bakinsa kaɗan-kaɗan, musamman baƙin farce da ba a ganin inda jijiyar jini ta tsaya, ta ce in riƙa dubawa duk bayan mako uku ko huɗu.

Zan koma wannan asibiti, amma zan nemi a rubuta mini kuɗi da umarnin magani a takarda. Wanda kuma zai kai karensa wani wuri, ya tabbata mai aikin yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, domin masu sayar da maganin dabbobi da yawa ana kiransu likita a kasuwa. Karen namu ya koma zagayen shinge da dare, yatsunsa biyu na gaba suna nan, kuma mai gadin da ya nemi reza shi ne yanzu yake riƙe mini shi idan zan yanke farcen.