Akwatin gilashi na adana kayan sojan da ya rasu a bakin aiki

Ga iyalan da aka miƙa wa kayan ɗansu matashi da ya kwanta dama a fagen fama, wannan akwatin da ake ratayewa ya dace, amma da gyara. Zurfinsa santimita 5, yana ɗaukar hoto, lambobin yabo da alamar muƙami. Hula kam sai an matse ta. Katakon na da ƙwari.

Matsalar alluran da ke zuwa da shi ce: da danshi ya shiga sai su yi tsatsa, su ɓata ƙyallen lambar. A ɗinke da zare, kada a sa gam. Gilashin kuma ba ya tare hasken rana, hoto zai koɗe. A saka kwafi, na asali da wasiƙun marigayin a adana su a busasshen wuri.