Koyar da rikicin tilasta shiga soja a Kanada: lacca ko muhawara?

Malamin da zai koyar da dokar 1917, wadda gwamnatin Firaminista Robert Borden ta tilasta wa samari shiga soja da ita a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yana da hanya biyu.

Ta farko lacca ce a allo: masu jin Turanci sun goyi baya saboda alaƙarsu da Birtaniya, 'yan Kwebek masu jin Faransanci sun ƙi. Ba ta cin lokaci, sai dai takan sa ɗalibi ya ɗauka rigimar harshe ce kawai.

Ta biyu, a raba wa ɗalibai matsayi su yi muhawara. Wani ya zama Henri Bourassa na jaridar Le Devoir, ɗan Kwebek mai adawa da dokar, yana tuna wa aji dokar 1912 da ta taƙaita karatu da Faransanci a lardin Ontario. Wani manomi ne da aka janye wa ɗansa rangwamen da ya keɓe shi daga shiga soja a 1918 gab da shuka. Wata kuma matar soja ce da aka bai wa ƙuri'a a 1917, a dokar da ta ƙwace ta 'yan asalin Jamus da Ostiriya da suka zama 'yan ƙasa bayan 1902.

Ni na fi son ta biyun, ko da za ta cinye darasi biyu. Amma labarin mutum huɗun da sojoji suka harbe har lahira a zanga-zangar adawa da dokar a birnin Kwebek lokacin bikin Ista na 1918, wannan malami da kansa ya kamata ya faɗa.